Jar Ƙusa da Farar Ƙusa

Ɗazun nan na shigo shagon Nasiru, ɗan ƙanena da ke yin kujeru a Sama Road, na tarar da ku ma'aikatansa kun kewaye wata motar wasa ta roba kuna ta dariya, rediyo kuma na ta ƙara. Irin wadda ake haɗawa da ƙananan tubala ce, Nasiru ya saya wa 'yarsa. Kun haɗa ta, an ɗaga bodi ya zube, an tura ƙafafu sun ƙi juyawa. Na ce ku duba 'yan ƙusoshin robar da ke riƙe tubalan: baƙaƙen masu kaushi na jiki ne, masu ruwan toka masu santsi na ƙafa ne, ku kuwa kun sa kowace a gurbin 'yar'uwarta. Sai ɗayanku ya ce ai Baba wannan wasan yara ne, ba aiki ba ne. To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Ni da wannan wasan yaran na yi aure na riƙe gida, kuma a kansa na ga mutumin da ya fi kowa iya aikin katako a garin nan ya rasa sunansa. Ku ajiye samfefa ku ji.

Sunansa Malam Ladan. Kafinta ne kamar kowa, yana yin ƙofofi da akwatuna da bencin makaranta a wata rumfa can bayan kasuwa. Na zo wajensa da gemuna, bayan na gwada dako na ga ba zai kai ni ko'ina ba. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun fara shigowa, ma'aikatan gwamnati sun fara sayen abubuwan da iyayensu ba su taɓa jin sunansu ba. Wata rana wani malamin kwaleji da ya dawo karatu daga waje ya kawo akwatin tubalan wasa na 'ya'yansa, rabinsu sun ɓace, ya ce ko za a sassaƙa masa madadinsu. Malam Ladan ya zauna yana juya abin a hannu har aka kira la'asar. Bai yi masa madadi ba, sai ya yi masa sababbi gaba ɗaya daga guntayen katakon da muke zubarwa. Daga nan sana'ar ta fito.

Tubalinmu bai wuce girman kwalin ashana ba, an huda shi ta kowane gefe. Abin da ke haɗa tubali da tubali ita ce ƙusar icce, 'yar mulmulalliyar sanda mai tsawon gaɓar yatsa. Da waɗannan biyun yaro zai gina babbar mota, ya rushe ya gina gada, ya rushe ya gina rijiya mai gugan da ke hawa yana sauka. Yin tubali ba wani abu ba ne, kowane ɗayanku zai iya: zarto, mahuji, magagari, a goge baki don kada ya soki hannu. Ƙusar ita ce sana'ar, kuma ita ce kowa ke rainawa.

Aikin da aka fara ba ni shi ne faskara marke. Ba a yanka ƙusa da zarto, faskara ta ake yi da wuƙa ta bi jijiyar icen, in ba haka ba ranar da aka murɗa ta sai ta karye ta bar rabinta a cikin huji. Kirya ta yi taurin kai, tana tsaga tubali. Dogonyaro kuwa ragon icce ne, yau ya riƙe gobe ya saki. Marke ne daidai. In an faskara sai a buga kowace ta cikin wani faifan ƙarfe mai rami da wani maƙeri ya yi mana, ta fito mulmul. Daga nan a zuba a kwando a rataye a ƙarƙashin rufin rumfa, cikin inuwa, a manta da ita. Ba a shanya ta a rana don tsagewa take yi, ba a kai ta kusa da wuta. Malam ya ce sai ta ga damina ta kumbura, ta ga bazara ta motse, sannan ta san girman kanta. Ni a lokacin gani nake yi tsohon yana da son jan abu ne kawai.

Bayan ta bushe sai zaɓe. Duk da cewa rami ɗaya suka bi, ba sa bushewa daidai, kamar 'ya'yan ciki ɗaya. Muna da wani tsohon tubali na maɗaci da muke kira uwa, ya yi baƙi don shan hannu. Kowace ƙusa sai an cusa ta a hujin uwa an murɗa. Wadda ta shiga da ƙyar tana 'yar ƙara, ƙiii, kamar ƙyauren da bai sha mai ba, ita ce mai riƙo. A ɗiga mata jan rini na dukawa a kai da gashin kaza, ta zama jar ƙusa, ta jikin mota da ginshiƙin gada. Wadda ta shiga sumul tana juyawa amma ba ta girgiɗi, a bar ta fara, ita ce ta ƙafar mota da duk abin da ake so ya juya. Wadda ke lilo kuwa ta murhu ce. Malam Ladan da kunne yake zaɓe. Yana can yana hira da baƙo, ina nan ina murɗawa, sai ya ce ba tare da ya waiwayo ba, Ummaru mai da waccan, ƙarya take yi. In na sake gwadawa sai in ga haka ne, raina ya ɓaci.

Jajaye kullum su ne kaɗan. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

In an gama haɗa mota akwai gwaji biyu. Na farko, Malam ya ture ta daga kan teburin aiki ta faɗi ƙasa. In ko tubali ɗaya ya fita, a sake. Na biyu kuwa sai an kira Inna Hajo. Wata tsohuwa ce mai sayar da fura a bakin rumfarmu, hannuwanta sun yi rauni har ludayi da ƙyar take juyawa. Malam ya lura ƙarfin hannunta bai wuce na ɗan aji ɗaya ba, don haka ita ce alƙaliyarmu. A miƙa mata mota ta ɓalle. In ta kasa sai ta turo baki ta ce, “Ladan, wagga ta yi tsauri. Ɗiyan wa za su iya ta, ɗiyan samudawa?” Sai a koma a rage. Bai taɓa yi mata gardama ba, shi da ko manyan ma'aikata ba ya ragawa.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen kayanmu ya ji ta daga bakinsa: “Abin da munka haɗa, hwaɗuwa ba ta raba shi, amma hannun yaro na raba shi.” Wannan maganar ita ce jarinsa. Ba shi da allon suna a bakin rumfa, ba shi da gona, ba shi da gidan haya. In an ce na Ladan ne, ba a tambayar komai kuma.

Akwai wani babban ma'aikaci da ya taɓa zuwa da direbansa, ya ce shi ba ya son sako-sako a gidansa, a yi masa mota da jar ƙusa zalla. Malam ya yi masa bayani, ya ce shi dai abin da ya faɗa ke nan. Aka yi masa. Ba a daɗe ba sai ga direba ya dawo da ita, wai yaro ya tura ya tura ta ƙi tafiya, ya jefi kyanwa da ita. Malam ya zare jajaye daga ƙafafun ya sa farare, ya ce a gaya wa maigida motar da babu inda ta saki, akwati ce.

Shekarar da ta karya mu ta zo ne da fara'a. Lokacin ne aka ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ana ta buɗe makarantu har a ƙarƙashin itatuwa, kwangila kamar a bakin ƙwarya. Wani ɗan kwangila, Alhaji Tukur, ya samo aikin kai kayan wasa makarantun cikin gari da na ƙauyukan kewaye. Ba mugun mutum ba ne, mai sauri ne kawai. Ya ce kowace makaranta a kai mata akwati da motoci da gadoji a haɗe, don in masu duba aiki sun zo su gani da idonsu. Malam ya ɗaga kai ya dubi kwandunan da ke rataye, ya ce tubali ko nawa ne za a yi, amma jar ƙusa iyakar abin da kwando ya bayar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Alhaji ya yi dariya ya ce a fara dai, Allah zai kawo.

Washegari ya aiko da janareta da zarton lantarki da injin huji. Mun yi murna, har da ni. Abin da muke yi a mako sai ga shi kafin azahar. Amma tun daga ranar rumfar ba ta sake yin shiru ba; in za ka yi wa na kusa da kai magana sai ka kama kafaɗarsa. Ƙarar ƙusa kuwa wa zai ji ta? Malam ya gwada kai uwa kusa da kunne, ya ga ba dama, ya ce to a yi zaɓe da hannu, duk wadda ta riƙe a ɗiga mata ja.

Hannuwa ma sun yi kaɗan, sai aka ɗauko mutane daga Kwalkwalawa, manoma da suka gama girbi suna neman aikin rani. Babbansu Arzika, dattijo mai tsoron Allah, ko tsinke bai taɓa ɗauka ba sai ya tambaya. Aka ba su zaɓe. Da yamma kuma a ba su tarin masu lilo su tafi da su gida a hura wuta. Kwanakin farko jajaye suna fitowa kaɗan-kaɗan kamar kullum, Malam yana duba kwando yana girgiza kai, har ya rame. Can sai abu ya sauya. Kwandon jajaye ya riƙa cika kafin la'asar. Mu duka muka ce albarka ce, marken bana mai kyau ne. An ture motoci daga tebur ba su rabu ba. An miƙa wa Inna Hajo ta ɓalle da ƙyar, ta ce wani abu, injin ya haɗiye maganar, muka ɗaga mata hannu muka wuce. Aka loda akwatuna aka rarraba, Alhaji ya yanka mana rago.

Sai bazara ta shigo, irin tamu ta Sakkwato wadda ko ƙarfen ƙofa ba a taɓawa da rana. Wata safiya wani hedimasta ya tsaya da keke a bakin rumfa, ya kwance buhu ya zazzage a gaban Malam. Tubala daban, ƙusoshi daban. Ya ce ko taɓa su ba a yi ba, buɗe akwati aka yi aka tarar da su haka. Kafin mako ya zagayo wasu ma sun zo, wasu kuma saƙo kawai suka aiko, mai zafi. A kasuwa aka fara yi mana kirari da motar Ladan, a dube ki ki zube.

Malam ya kashe janareta, ya zauna da tulin jajayen. Ya sa ɗaya a uwa, ta wuce ta faɗo ta ɗaya gefen. Ya duba ta a haske, ya ga ƙugunta ya lotsa kamar an matse shi da awartaki. Inna Hajo ta leƙo ta ce ai ranar ta faɗa mana, ƙusoshin nan da sanyi suke a hannu kamar an tsamo su daga randa, ba wanda ya saurare ta. Malam ya ɗauki hularsa ya ce in zo mu tafi Kwalkwalawa.

Mun sami Arzika a fadama yana gyaran kunyoyin gonarsa. Ya yi murna da ganinmu, ya shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro. Da Malam ya tambaye shi yadda aka yi jajaye suka yawaita, sai fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya daɗe yana jiran a gode masa.

“Ai Malam, mun ga hankalinka ya tashi, shi na munka ce ba mu ƙone su. Waɗanda kab ba mu na wuta, jiƙa su munka yi su kwana, da sahe mu shanya kaɗan mu maido. Haka mu ka yi ma ƙotar gatari in ta saki, tun kakanni.”

Gaskiyarsa ne, haka ake yi wa ƙota. Sai dai gatari yana hannun mai shi, in ya sake saki ya sake jiƙawa. Ƙusar da aka cusa a jiƙe kuwa tana danne naman jikinta, ta buɗa hujin tubali, in ta bushe ta koma ƙasa da yadda take tun farko, hujin kuma ba ya komawa. Na ji kamar in shaƙe dattijon nan, kuma na ji tausayinsa, don yana ganin fuskar Malam ya gane. Malam ya dubi ruwan fadama, sannan ya ce, “Arzika, kai abin da kas sani kay yi. Ni ab ban hwaɗa maka ba.” Ya sha ruwan da aka kawo masa, muka taso.

Alhaji Tukur ya zo da shawara a hannu. Ya ce a bi makarantu da gam da ƙusar ƙarfe a manne komai, motoci su tsaya, magana ta mutu. Malam ya ce abin da aka manne ba abin wasa ba ne, gunki ne. Alhaji ya ce to a faskara sababbi a gasa su a bakin wuta, cikin kwanaki kaɗan a gama. Ni ma wannan na goyi baya, na roƙe shi, na ce suna yana zubewa, ko rabin gyara ya fi babu. Ya ce, “Ƙusa sai ta ga damana ta ga bazara. Na ba ɗiyan mutane ɗanye sau guda, ba ni ƙarawa.” Alhaji ya kwashe injunansa ya koma kwangilar siminti.

Malam ya aika wa makarantu cewa su adana tubalan, zai zo da kansa ya gyara. Ya koma wajen maƙeri aka yi masa sabon faifai, raminsa ya ɗara na da da kaurin gashi, domin hujin tubalan can ya riga ya buɗe. Muka faskara marke muka cika kwanduna muka rataye. Arzika ya zo da kansa ya taya mu, ya ƙi karɓar ko goro. Daga nan muka koma yin ƙofa da benci, su ma masu zuwa sun ragu. Kuɗin mai suka ja baya, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kayan roba kuma suka fara cika kasuwa. Malam yakan ɗaga kai ya dubi kwandunan kamar mai duban hadari. Har yau ban san wanda ke da gaskiya tsakanina da shi ba. Abin da na sani, ban taɓa ganin damina mai tsawon waccan ba.

Da suka bushe ya zaɓe su da kansa, rumfa shiru, da wani tubali da ya riƙe daga buhun hedimastan nan a matsayin uwa. Muka ɗaura kwanduna a kekuna muka fita. Makarantar farko aka ce an canza hedimasta, sabon bai san zancen ba. Ta biyu aka buɗe mana sito, gara ta cinye akwatin da abin da ke ciki, sai ƙasa. A wata an tokare ƙafafun tebura da tubalan, an bubbuga musu ƙusar ƙarfe. Wata kuma yara sun kwashe sun yi jifa. Ba wanda ya zage mu, kuma wannan ya fi ciwo. An riga an manta da mu. Ba na ganin laifinsu, wa zai yi shekara yana gadin guntayen katako?

A ta ƙarshe, can bakin gari, maigadi ya ce akwai saura, ya kai mu bayan ajujuwa inda matarsa ke girki. Da su take hura wuta, ta ce suna ci da kyau. Buhun ya kusa ƙarewa. Malam ya durƙusa ya jawo tubali ɗaya daga bakin murhu, gefensa ya ƙone, ya hure tokar. Ya zaro jar ƙusa daga aljihu ya cusa ya murɗa. Ƙiii. Ya ɗago ya dube ni.

“Ummaru, ka ji ta?”

Na ce na ji, Malam. Ya ce to madalla. Ya tattara 'yan tubalan da suka rage, ba su kai na mota ba, ya haɗa ɗan amalanke mai ƙafa biyu, ja a jiki fara a ƙafa, ya ture shi daga kan turmi bai rabu ba, ya miƙa wa matar ya ce ta ba 'ya'yanta. Muka juyo da kwanduna cike kamar yadda muka fita da su.

Bai sake yin tubali ba. Ya yi 'yan shekaru yana gyaran ƙofofi, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni na ci gaba da benci da akwati har idona ya gaza. Da aka raba kayan rumfa magada suka ɗauki zarto da guduma, aka tambaya wa ke son kwandunan, na ce ni.

Suna nan rataye a ɗakina. Sun ga damina sun ga bazara har na daina lissafi, ko ɗaya ba ta tsage ba, ko ɗaya ba ta motse ba. A duk rayuwata ban ga ƙusar da ta kai su kyau ba. Na taɓa gwada su a tsofaffin tubalanmu na zamanin lafiya, sun yi musu kauri, don ba dominsu aka yi su ba. Ramin da aka yi su dominsa ya daɗe da zama toka.

Nasiru, miƙo mini motar nan. Ku zare masu santsin daga jiki, ku kawo baƙaƙen. Kuma wani ya kashe mini rediyon nan tukuna.